Zaman Amayarwa Bayan Bala'i a Wurin Aiki: Me Gwajin Rukunoni Ya Nuna?

Tsakure

Maƙalar ta auna hujjar masu cewa tara abokan aiki bayan bala'i, domin kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, yana hana ciwon firgici muddin a ƙungiyance aka yi. Gwajin da aka yi a kan rukunoni bai tabbatar da haka ba. Abin da ya fito fili shi ne mahalarta suna son zaman, kuma da wannan son ake ta kare tsarin.

Gabatarwa

A 1983 Jeffrey Mitchell, tsohon ɗan kwana-kwana a Amurka, ya fitar da tsarin da aka fi sani da CISD. Kwana ɗaya zuwa uku bayan hatsari, ana tara waɗanda suka yi aikin tare, a rufe ƙofa, a zauna a kewaye. Kowa ya faɗi inda yake tsaye da abin da ya yi, sannan tunanin da ya fara zo masa, sannan jagoran zaman ya tambayi abin da ya fi tsaya masa a rai. Daga masu aikin ceto tsarin ya bazu zuwa asibitoci da bankuna da makarantu. Maganar ta shafe mu, domin duk makarantar da aka kwashe ɗalibanta, daga Ƙanƙara a 2020 zuwa Kuriga a 2024, tana da malaman da abin ya rutsa da su, kuma dole a san irin taimakon da ya dace da su.

Waiwaye

A 1997 Bisson da abokansa sun gwada zaman a kan mutum 133 da suka ƙone. Bayan wata 13, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka zauna da su suna da ciwon firgici, a ɓangaren waɗanda ba a zauna da su ba kuwa kashi 9. Bitar Cochrane ta 2002 ta ce a daina tilasta wa mutane zaman. Mitchell da George Everly ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce majinyata aka gwada ɗaiɗai, alhali tsarin na rukunin ma'aikata ne da suka san juna, kuma ba a ƙirƙire shi don ya tsaya shi kaɗai ba. Sun ƙara da cewa waɗanda aka zauna da su a gwajin Bisson sun fi tsananin ƙuna tun farko. Wannan suka tana da makama, kuma masu adawa da tsarin sun yi gaggawar yar da ita. Amma wanda ya ce ba a gwada abinsa daidai ba ya ɗaure kansa da sakamakon ranar da aka gwada shi daidai.

Hanyar Bincike

An zaɓi gwaje-gwajen da aka raba ma'aikata ta hanyar ƙuri'a. Uku aka nazarta: biyu a kan zaman rukuni, na uku a kan wani tsari dabam domin kwatanci.

Sakamako

Mafi nauyi shi ne na Amy Adler da abokanta, wanda aka buga a 2008, a kan sojojin Amurka 952 masu kiyaye zaman lafiya a Kosobo. A nan ba majinyatan da ba su san juna ba ne. Mutane ne da ke kwana da tashi tare, irin rukunin da Mitchell yake nufi. An kasa su uku: wasu zaman amayarwa, wasu darasi a kan shawo kan damuwa, wasu takardar tambayoyi kawai suka cike. Zaman bai gaggauta murmurewa ba. Cikin waɗanda suka fi ganin tashin hankali, 'yan zaman sun sami ɗan sauƙin alamun firgici idan aka kwatanta da 'yan darasi, sai dai a tsakaninsu ɗin ne kuma aka fi samun matsalar barasa. Duka bambance-bambancen ƙanana ne.

Abubuwa biyu kuwa sun fito da ya kamata a tsaya a kansu. Sojojin sun fi son zaman a kan darasin, kuma waɗanda suka fi shan wahala sun fi jin cewa hukumarsu tana tare da su fiye da masu cike takarda kawai. A nan gizo ke saƙa. Shugaban ma'aikata ko na makaranta ba ya auna firgicin mutanensa bayan wata shida. Takardar da ake rabawa a ƙarshen zama yake gani, inda kusan kowa ya rubuta cewa ya ji daɗi, da ita kuma yake sabunta kwangilar masu jagorantar zaman. Ba a raina jin daɗin nan ba: mutumin da ya ɗauko gawar abokin aikinsa yana da haƙƙin a zauna da shi. Amma malamar da ta fita daga zaman da godiya tana iya kasa barci bayan mako biyar, a lokacin mai jagorancin ya daɗe da tafiya, ofis kuma ya rubuta cewa an kula da ita. Wannan ce cutarwar da ta fi damun mai wannan nazari.

Tuckey da Scott sun gwada 'yan kwana-kwana na sa-kai 67 a Ostireliya, suka buga a 2014. A can shan barasa raguwa ya yi, firgicin kuwa bai motsa ba. Na uku shi ne tsarin TRiM na sojojin ruwan Birtaniya, inda abokin aiki da aka horar yake duba mutum bayan kwana uku, ya sake dawowa bayan wata guda, ya tura wanda bai samu sauƙi ba wurin likita. Gwajin Greenberg na 2010 a jiragen ruwa 12 bai nuna ya gyara lafiyar ƙwaƙwalwa ba shi ma. Fifikonsa shi ne komawar nan ta biyu, kuma ba ya matsa wa kowa ya tona zuciyarsa a gaban jama'a.

Iyakokin Bincike

Gwaji uku kaɗan ne, mafi yawan mahalarta maza ne masu kaki a ƙasashen Yamma, kuma sojojin Kosobo ba su ga irin abin da malamin Kuriga ya gani ba. Ba a kuma gwada zaman a inda jaje da ta'aziyya suke tara mutane tun kafin wani ƙwararre ya iso ba. Duk da haka, nauyin kawo hujja yana wuyan masu sayar da tsarin, kuma a ukun nan babu inda aka hana ciwon firgici.