Masallacin Juma'a na Zariya da Amanar da ke Kanmu

A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846) ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya da ƙasa da azara. Ginin ƙasa kuwa ba ya ƙarko sai da yaɓe da gyaran indararo kafin damina, hidimar da ke wuyan masallata. A watan Agusta na 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu.

Ya 'yan'uwa mazauna Legas, Abuja da Kaduna, masallatan unguwanninmu na bukatar asusu bayyananne, alawus ɗin liman da ladan, da magini mai duba rufi duk shekara. Kada mu jira sai bango ya tsage.