Dambe, Kokawa, Sanda da Baka a Ƙasar Zamfara

Abare ƙauye ne cikin ƙasar Anka, yamma da Gusau. Mutanensa manoma ne, waɗansu kuma suna haƙar zinariya. Duniya ta fara jin sunansa cikin 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da na Bukkuyum. Ba a gama share hawayen wannan ba, sai ga 'yan bindiga sun tsare hanyoyi da gonaki. Saboda haka samarin wannan yanki, har zuwa Gummi, suka koma ga tambayar da kakanninsu suka sha yi, watau wace irin dabarar faɗa ce ta fi tsare mutum daga mugu.

A zamanin da, ba a cika barin yaro ya zaɓa ba. Sana'ar gidansu ita ke zaɓa masa. Ɗan mahauci ya tashi ya iske dambe, ɗan manomi kokawa, ɗan maharbi baka da tauri, ɗan makiyayi sanda da shaɗi, ɗan sarauta kuwa doki da takobi. Kowa kuma in ka tambaye shi, nasa ne gaba.

Dambe shi ya fi suna. Wasan mahauta ne, su ke yawo da shi gari gari da kaka, makaɗan kalangu na biye da su. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, ya bi shi da igiya tam, wannan shi ne mashinsa. Ɗaya hannun ya miƙa shi a buɗe, shi ne garkuwa. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi, ko da ya miƙe yana dariya. Wannan kalma kaɗai ta isa ta nuna da yaƙi ake kwatanta wasan. Cikin 1824 wani Baturen Ingila, Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya sauka Kano kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ba da wuri 2,000 don a yi masa dambe ya gani, amma ya ce kada a yi na gaske, domin an gaya masa sau da yawa ba a tashi sai da gawa. Duk da haka abin da ya gani ya ishe shi, ya tsai da wasan, ya sallami mahautan. A zamanin rediyo kuwa, babu lungun ƙasar Hausa da bai ji karon Shago da Ɗandunawa ba, albarkacin waƙar Ɗan Anace.

To, amma fa mai karatu ya duba da kyau. Ɗaurin hannu yana cin lokaci, ɗan fashi kuwa ba ya jira a ɗaure. A fage abokin karo ɗaya ne, yana gabanka, ga alƙali mai raba ku in abin ya yi zafi. A kan hanyar kasuwa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hannu tsirara in ya sami ƙashin kai, sau da yawa shi ke fara karyewa. Abin da ɗan dambe ke tafiya da shi ko'ina shi ne ido mai ganin naushi tun bai taso ba, da zuciyar da ta saba shan bugu ba ta ruɗe ba. Wannan kuwa ba ƙaramin guzuri ba ne.

Kokawa ta fi dambe amfani cikin gari, domin yawancin rigimar gari riƙe-riƙe ce. Ɗan kokawa yana iya kā da ɓarawo ya danne shi har a kira dogari, ba jini, ba shari'ar rauni. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗaukaka ta ƙwarai, tun 1975 suka kafa gasar takobi a Tawa, Kantu na Maradi ya fara ɗauka. Sai dai wanda ya rungumi mai wuƙa ya kai kansa ne, kuma wanda ya danne ɗaya a ƙasa ya ba na biyu ƙeya.

Matafiyi shi kaɗai, da wuya a sami abin da ya fi masa sanda. Tana da tsawo, tana tsai da mai wuƙa nesa, tana kashe maciji, tana korar kare da kura, babu kuma mai tambayarka dalilin riƙe ta. Yaron Fulani yana koyonta tun yana bin maruƙa, shaɗi kuma ya koya masa tsayawa kan zafi ba motsi. 'Yan tauri su ma suna da nasu, suna cewa ƙarfe ba ya cin su. Ƙarfin halinsu ba abin musu ba ne, amma tun da bindiga ta yawaita an binne masu layu da guraye da yawa.

In aka bar mutum ɗaya aka koma ga gari, sai labarin ya sake. Wajen 1764 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har daga baya suka zauna Anka. Talakawan da suka rayu cikin wannan hargitsi ba dambe ya tsirar da su ba. Abin da suka dogara gare shi shi ne ganuwa da kafi, da sarƙaƙiyar ƙaya da suke bari ta kewaye gari, da 'yan baka a bayanta. Kibiya ba ta da tsada, maƙeri na gari ke ƙera ta, ana shafa mata dafin kwankwani, ko ƙuje mutum ta yi ta gama aiki. Baharben da ya saba kwanto don gada ya san haƙuri da iska da nisa, a yaƙi kuwa su ake bukata.

An ga gaskiyar wannan a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da Buzaye. Jama'ar Shehu Usmanu, Abdullahi ɗan Fodiyo na gabansu, an ce dawakinsu ba su wuce 20 ba, galibinsu dakaru ne masu baka. Suka tsaya wuri ɗaya suka ƙi watsewa, suka yi ta zuba kibau har dawaki suka juya. A shekara mai bi musu, 1805, a Sabon Gari cikin Zamfara jama'ar ta yi zango, cikin 1808 kuma Alƙalawa ta faɗi.

Shekara ɗari ba ɗaya bayan Kwatto, baka ta sami wanda ya fi ta. Ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tsaya a bayan ganuwar Sakkwato da dawaki da masu da takubba, Turawa suka kafa igwa da bindiga mai ruwa. Tun rana ba ta take ba an gama. Amma abin da ya auku a Satiru, mil 14 kudu da Sakkwato, ya fi wannan ban mamaki. Cikin Fabrairu 1906 talakawa masu fartanya da gatari suka auka wa sojan doki tun ba su gama shirya sahu ba, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, har suka ƙwace bindiga mai ruwa. Gaggawa da yawa da shammata suka ba su wannan rana. Da aka komo musu cikin Maris da shiri, sai aka kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, ba a sake gina shi ba.

Daga nan hare-hare suka ɗauke. Mutane suka fita daga ganuwa suka kafa tungaye kusa da gonakinsu, ganuwar ta zube, aka ɗebi ƙasarta aka yi gini. Dambe da kokawa suka zama wasan kaka da na bukukuwa zalla. Daga baya makarantu da barikin soja suka kawo damben Turawa da judo, wanda wani malami mai suna Jigoro Kano ya kafa a Japan cikin 1882, da takwando na Koriya, wanda Abdurrazak Alfaga na Nijar ya ciyo lambar azurfa da shi a wasannin Olamfik na 2016. Dukansu suna gina jiki, suna koya ladabi, amma na fage ne su ma.

Tungayen nan marasa ganuwa su 'yan bindiga suka iske. Jama'a suka kafa 'yan banga da 'yan sa-kai, da bindigar toka da adda da gora. Sun tsare garuruwa da yawa. Amma inda suka kashe makiyayi don yarensa kawai, ba bincike ba alƙali, ramuwar takan sauka kan mata da yaran da ba su san hawa ba balle sauka. Cikin Afrilu 2014 aka auka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru, aka yi kisa mai yawa. Cikin Janairu 2022 aka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana ƙonawa, hukuma ta ce mutum 58 suka rasu, mutanen wurin suka ce sun kai 200. A watan Yuni na wannan shekara gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa talakawa su nemi izinin riƙe bindiga. Cikin Janairu 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, aka ɗebo samari daga kowace ƙaramar hukuma, aka horar da su, aka ba su kaki da babura da shugabanni waɗanda za a tuhuma in an yi ɓarna.