Daga Amurka zuwa Gabi: Yadda Manhajoji Suka Fara Yanke Shawara

A farkon zamanin kwamfuta, manhaja guda ce ke riƙe da ragamar kowane aiki. Da ayyuka suka yi yawa, sai masana suka fara raba su ga ƙananan manhajoji da ake kira wakilai, kowanne da abin da ya sani da kuma ikon zaɓar matakinsa. A 1980 Reid Smith ya wallafa a Amurka wani tsari mai suna Contract Net: wakili ya yi shelar aiki, sauran su yi tayi, ya ba wanda ya fi dacewa. Daga nan aka gano inda gizo ke saƙa. In an sakar wa wakilai mara, kowa ya ja nasa. In an ɗaure su, amfanin rabon ya tafi.

Masu binciken karkara suka ga wannan ai rayuwar ƙauye ce. A ƙarshen shekarun 1990 cibiyar CIRAD ta Faransa ta ƙera manhajar Cormas, aka kai ta kwarin kogin Senegal, inda manoma da makiyaya suka tsara dokokin kiwo da noma da kansu, kwamfuta ta nuna musu abin da kowace doka za ta haifar. A Nijar kuwa, Mehdi Saqalli ya gina SimSahel bisa binciken da ya yi a Fakara da Gabi ta jihar Maradi da Zermu ta Damagaram. Kowane ɗan ƙauye wakili ne a ciki: yana gadon gona, yana aure, yana tafiya cin rani.

Mutanen yankin Adar na Nijar sun riga kwamfuta sanin wannan matsala ta rabon iko da amfani. Daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska. Da itatuwan suka isa sara, tambaya ta taso: na wa ne itacen? Mai gonar da inuwa ta rage wa hatsi, ko garin da ya yi aikin, ko gwamnati? Sai da aka kafa kwamitoci don raba amfanin. A Keita ma, aikin da ya fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO ya farfaɗo da faƙo mai yawa, galibi da gumin mata, kuma ƙasar da ta farfaɗo ta zo da batun wa zai nome ta, wa zai yi kiwo a kai.

Yau kamfanoni na haɗa wakilai masu ƙirƙirarriyar basira su yi aiki tare. Duk ranar da irinsu suka iso wajen rabon ruwa a fadamun albasa na Madawa, wajibi ne manoma su san iyakar kowane wakili, da mutumin da zai amsa in shawara ta ɓaci, tun kafin a kunna na'ura.