Labarin Awon Birnin Niyok

Kowane ɗan makaranta da ya kai ga karatun labarin ƙasa ya ji sunan Niyok, babban birnin ciniki na ƙasar Amurka, mai dogayen benaye. Amma kaɗan ne suka san cewa yawancin wahalar da talakawan birnin nan suka sha har shekara ɗari ta samo tushe ne daga wata taswira da aka zana a shekarar 1811. Labarin wannan taswira za mu ba ku a wannan mako, da yadda aka yi ta gyaran dokar rabon fili a bayanta, gama akwai abin lura a ciki ga duk wanda zai zauna a gari.

Cibiyar birnin tana bisa wani siririn tsibiri ne mai suna Manhatan, tsawonsa kamar mil 13, faɗinsa kuwa mil 2 da 'yan kai a inda ya fi buɗewa. A shekarar 1810 mutanen garin ba su cika 100,000 ba, kuma yawancinsu suna zaune a ƙarshen tsibirin ta kudu. Sauran wurin gonaki ne da duwatsu da fadamu. Da aka ga gari yana ta miƙewa arewa, kowane mai gona yana yanka hanya yadda ya ga dama, sai majalisar jihar ta naɗa dattawa uku a 1807, watau Gouverneur Morris da Simeon De Witt da John Rutherfurd, aka ce su tsara hanyoyin da za a bi nan gaba. Suka ɗauki wani saurayi safiyo, John Randel, ya yi ta awo cikin ƙaya da duwatsu, masu gonaki suna korarsa, wani lokaci har a kama shi a ce ya shiga gonar mutane ba izini.

Da taswira ta fito, sai ga manyan hanyoyi 12 sun miƙe daga kudu zuwa arewa, kowace faɗinta ƙafa 100, ga kuma ƙanana 155 sun gitta su daga gabas zuwa yamma, yawancinsu ƙafa 60. Gari ya zama kamar gurbin dara, gurabu wajen 2,000. Ba a bar lungu a bayan gidaje ba, dandali ma kaɗan aka bari.

Dattawan nan sun san za a tambaye su dalili, saboda haka suka rubuta shi. Suka ce birane irin su Landan da Faris, waɗanda ke bakin ƙananan koguna, su ne ke bukatar sarari mai yawa domin iska; amma Niyok ruwan teku ya rungume ta, iska ba za ta yanke mata ba. Suka ƙara da cewa ƙasa tana da tsada ƙwarai, kuma gida mai miƙaƙƙen bango ya fi arahar gini da daɗin zama. Duk da haka sun keɓe 'yan wurare, mafi girmansu filin faretin soja ne, fiye da eka 200. Ku tuna eka ɗaya ta ɗara rabin filin ƙwallo na manya kaɗan. To, masu ƙasar wurin ba su yarda ba. Suka yi ta kai kuka, aka rage filin a 1814, aka yi ta gutsurarsa bayan nan, har abin da ya saura shi ne dandalin Madison da aka buɗe a 1847, wanda bai cika eka 7 ba.

Taswirar ba ta yanka fuloti ba, hanyoyi kaɗai ta nuna. Masu ƙasa ne suka bi al'adar garin, suka yanka kowane gurbi fuloti-fuloti, faɗi ƙafa 25, zurfi ƙafa 100. Ga iyali ɗaya wannan awo ba shi da laifi: a gina gida ta gaba, a bar lambu ta baya, haske ya shiga ta fuska biyu. Abin da ba wanda ya tanada shi ne ranar da iyali ashirin za su zauna a fulotin iyali ɗaya.

Ranar kuwa ba ta daɗe ba. Yunwa ta koro mutanen Ayalan tun daga 1845, Jamusawa suka biyo, daga baya mutanen Italiya da Yahudawan Rasha. A 1850 mutanen tsibirin sun wuce 500,000, a 1860 sun wuce 800,000. Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da kuɗin abin hawa, dole ya zauna kusa da wurin aikinsa. Masu fuloti suka ga hanyar arziki ta buɗe. Suka riƙa gina gidajen haya masu hawa biyar ko shida, ginin ya cinye wajen kashi 90 cikin 100 na fulotin, kowane hawa iyali huɗu. Da yake bango yana manne da na maƙwabci dama da hagu, ɗakunan gaba da na baya kaɗai ke da taga. Na tsakiya duhu ne dare da rana. Wani ma sai ya ƙara gina wani gidan a ɗan filin da ya rage ta baya, dab da masai. Kwalara ta kashe mutum wajen 3,500 a 1832, ta komo a 1849 ta kashe fiye da 5,000, tarin fuka kuwa ya zama ɗan gida a ɗakunan duhu. Ashe iskar teku da dattawa suka dogara gare ta ba ta ratsa bango.

Manyan gari suka fara neman filin shaƙatawa. A 1853 majalisa ta yarda a sayi ƙasa a tsakiyar tsibirin, aka biya fiye da dala miliyan 5, aka tashi mutum wajen 1,600 da ke zaune a wurin. Cikinsu har da mutanen wani ƙauye mai suna Seneca, yawancinsu baƙar fata ne masu gidajen kansu da makarantarsu. A 1857 aka rushe ƙauyen. Nan ne Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka tsara lambun nan da ake kira Central Park, mai eka 843, abin alfaharin birnin har yau. Sai dai a zamanin nan yana da nisa da unguwannin talakawa. Mai aiki kwana shida a mako, wanda ba shi da kuɗin keken doki, da wuya ya kai 'ya'yansa can.

Aka juyo kan gidajen kansu. Dokar farko ta 1867 ta ce a sa tsanin gudun gobara, a yi masai ɗaya ga kowane mutum 20, kuma kowane ɗakin kwana ya sami mashigar iska. Magina suka duba suka ga dokar ba ta ce iskar waje ba, sai suka huda taga daga ɗaki zuwa ɗaki, ko zuwa baranda mai duhu. A 1879 aka gyara: taga dole ta fuskanci sarari, kuma gini kada ya wuce kashi 65 cikin 100 na fuloti. Amma aka ba hukumar lafiya ikon sassautawa, ta kuwa yi ta sassautawa. Wani mai zanen gine-gine, James Ware, ya fito da fasalin gida mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, yadda in an jera biyu sai wani ɗan rami ya fita a tsakaninsu daga ƙasa har sama. Faɗin tsagin da kowane gida ya bari bai kai yadi ɗaya ba. A takarda kowane ɗaki ya sami taga. A zahiri kuwa ramin ya zama juji, gama ba ƙofar da za a shiga a share shi. Wari ya riƙa hawa, in gobara ta tashi kuma ta nan wuta ke bi daga hawa zuwa hawa. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

A 1890 wani ɗan jarida, Jacob Riis, wanda shi ma baƙo ne daga Danmak, ya buga littafi mai hotunan ɗakunan nan, masu hali suka ga abin da ba su taɓa leƙawa ba. Binciken hukuma na 1894 ya tarar da wata unguwa da kusan mutum 1,000 ke kwana a eka ɗaya, abin da ya wuce na Bombai a lokacin. Tun 1887 an riga an yi dokar buɗe ƙananan filaye cikin unguwannin da suka cushe, amma ina filin? Sai an sayi gidaje an rushe. Haka aka yi a wata unguwa mai suna Mulberry Bend: aka kashe fiye da dala miliyan 1, aka tashi mazauna, a 1897 aka buɗe filin wasa mai kamar eka 3. Ku ajiye lissafin nan biyu gefe da gefe. Kakanni sun ga eka 200 ta yi yawa a bari. Jikoki suka sayi eka 3 da wannan ɗimbin dukiya. Araha ba ta ado.

A 1900 mutum wajen miliyan 2 da dubu 300 ne ke zaune a gidajen haya kamar 80,000, watau kashi biyu cikin uku na jama'ar birnin duka. Wani mutum mai naci, Lawrence Veiller, ya shirya nuni na taswirori da ke bayyana inda cuta ta fi yawa gida-gida, gwamnan jihar na lokacin, Theodore Roosevelt, ya kafa kwamiti, aka yi dokar 1901. Wannan karo an koyi darasi. Aka ƙayyade gini a kan kashi 70 cikin 100 na fuloti, sai na kan kwana da aka ɗaga wa ƙafa. Aka hana ramin nan, aka ce sai tsakar gida sosai, wadda faɗinta ke ƙaruwa gwargwadon tsawon bene. Kowane iyali ya sami bayan gida nasa. Aka kuma kafa ma'aikata ta musamman da masu duba-gari, domin doka ba mai tsaronta magana ce kawai. Da haka fuloti mai ƙafa 25 ya daina biyan magini, sai ya haɗa biyu ko uku. Abin da ya ɗauki birnin nan shekara casa'in kafin ya rubuta a doka, watau a bar tsakar gida, mu a nan kowace tsohuwa ta san shi. Amma dokar sababbin gidaje ta fi kamawa, tsofaffin kuwa da yawansu suna nan tsaye har yanzu.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1904 ya taimaki dokar, gama ya ba ma'aikaci damar kwana nesa da wurin aiki. Mutanen Manhatan sun kai miliyan 2 da dubu 300 a 1910, daga nan suka fara raguwa. A ƙidayar 2020 ba su cika miliyan 1 da dubu 700 ba.

Sa'an nan wata rigima ta taso daga sama. A 1915 aka gama wani benen ofisoshi mai suna Equitable, hawa wajen 40, wanda ya tashi sak daga bakin hanya, inuwarsa ta rufe maƙwabta. A 1916 aka yi dokar da ta raba birnin duka shiyya-shiyya, irinta ta farko a Amurka: nan gidajen kwana, nan kasuwanci, nan kowane irin aiki. Ta ce in bene ya kai wani tsawo sai ya riƙa ja da baya kamar matakala domin rana ta sauka kan titi, amma a kan kashi ɗaya cikin huɗu na fuloti mai gini ya hau iyakar son ransa. A 1961 aka sake ta. Aka ce a haɗa faɗin daɓen hawa-hawan bene duka, kada jimla ta wuce ninki kaza na fulotin. Wanda ya bar dandali a gaban gininsa kuwa a ƙara masa hawa. Masana suka lissafa cewa tsohuwar doka ta bar wurin mutum miliyan 55, sabuwar ta mai da shi wajen miliyan 12. Magina suka karɓi ƙarin hawa, suka bar dandali na siminti tsirara, ba inuwa ba wurin zama, har sai da aka gyara a 1975 aka wajabta itatuwa da kujeru.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Takurawar da aka yi wa gini ta taimaka wajen haifar da wata cuta dabam, watau ƙarancin gida da tsadar haya. Binciken 2023 ya nuna cikin gidajen haya 1,000, guda 14 kaɗai ke jiran mai kamawa. Saboda haka a watan Disamba na 2024 majalisar birnin ta sassauta: aka yarda da ƙaramin gida a bayan babba a wasu unguwanni, da ɗakunan kwana bisa kantuna, aka rage tilasta wa magini barin wurin ajiye mota, da fatan a sami gidaje wajen 80,000 cikin shekara 15. Birnin da ya yi shekara ɗari yana yaƙi da cunkoso ya komo yana neman inda zai ƙara mutane.

To, me muka gani cikin labarin nan? Mun ga igiyar awo ta rana ɗaya ta ɗaure jikoki da tattaɓa-kunne, domin hanya da fuloti in an yanka su sun fi gini daɗewa. Mun ga filin da ba a bari ba tun gari yana gona, sai an saye shi daga baya da tsada, kuma gidan talaka ake rushewa a same shi. Mun ga kowace doka tana da kafar da mai wayo zai bi, don haka sai an riƙa komawa kanta ana dubawa. Mun kuma ga cewa a matse mutane cuta ce, a hana su wurin zama ma cuta ce, kuma duka biyu kan marar hali suke faɗawa.

Cikinku akwai waɗanda za su zama safiyo, da duba-gari, da wakilan majalisar gari. Wata rana za a shimfiɗa taswirar sabuwar unguwa a gabanku, wani ya nuna filin da aka bar wa yara ya ce asara ce, a yanka a sayar. Ran nan ku tuna da eka 200 da eka 3. Kafin lokacin kuwa ga ɗan aiki: kowa ya auna gidansu da taki, ya lissafa kashi nawa cikin 100 gini ya ci, nawa ya saura sarari, sa'an nan ya ƙirga taki nawa ne daga ƙofar gidan zuwa filin wasa mafi kusa. Ku kai wa malaminku amsa, ku gwada ta da ta 'yan ajinku.