Sunan Mai Zane a Gindin Allo

Kafin kwamfuta ta shigo wannan sana'a tamu, masu rubuta allo a Kano suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. In mutum ya gama allon tela ko na mai aski, ko ya zana zaki da bishiyar dabino a bayan babbar mota, sai ya ɗauki ƙaramin buroshi ya sa sunansa da na unguwarsu a can ƙasa. Wanda aikin ya burge sai ya karanta, ya bi unguwa yana cigiya har a kai shi rumfar. Abin da yaran yanzu ke kira fotfoliyo, wato kundin ayyukan da mai zane ke nunawa don a ba shi wani aikin, a wancan zamani titi ne da kansa. Titi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. In ka tsinka fenti don ya auku, damina ɗaya ta isa ta tona maka, ga kuma sunanka a gindin allon kowa yana gani.

Akwai wani rukunin da bai damu da wannan ba, su ne masu zanen da ke cin albashi. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, har zuwa kamfanin Triumph da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, maɗaba'u suna ɗaukar masu zane aiki, wasunsu daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Su takardar shaida ce ke yi musu magana. Mu da muka taso a kasuwa, jikokin masu buroshi ne.

Kasuwa ta buɗe sosai da littattafan soyayya a ƙarshen shekarun 1980. Marubuci ne ke buga littafinsa da kuɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa, saboda haka bango ya zama abin da ke sayar da littafi. Zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, yawancin bangwaye da hannu ake zana su: budurwa da mayafi, saurayi jingine da mota, wani lokaci uwar miji a gefe ta haɗe rai. Sai fim ya biyo baya. Daga Turmin Danya a 1990 zuwa lokacin da Sangaya ya girgiza kasuwa, kowane kaset yana buƙatar kwali da fosta, kuma dillalan Ƙofar Wambai da kwalin suke fara auna ko fim zai tafi. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara a 1999 ita ma ta ƙara buɗe wa mutane ido a kan yadda ake tsara shafi da hoto.

A nan ne kwamfuta ta same mu, kuma a nan ne sunan mai zane ya ɓata. Wanda ke zaune gaban na'ura a bizines santa ba mai zane ake ce masa ba, afareta ne. CorelDraw muke amfani da shi a lokacin, sai PageMaker in littafi ne ko mujalla, duk daga faifan da aka kwafa, domin babu wanda ya san ma ana sayen na asali. Kwastoma yana tsaye a bayanka, numfashinsa a wuyanka, yana nuna fuskar kwamfuta da mukullin mota: “Yaro, ƙara ja a nan. Hoton nan nawa ya yi ƙanƙanta.” Kai kuma ka ce, “To, Alhaji, an gama,” ko da ka san jan ya riga ya yi yawa. In aiki ya fito, sunan maɗaba'a ake sa wa a ƙasa, ko na shagon Oga. Wanda ya kwana yana yanke hoton jaruma gashi-gashi da linzamin kwamfuta, babu inda aka ambace shi.

Amma a wannan zaman ne aka koyi aikin gaske, wannan kam ba na yarda a raina shi. Kalar da ke haske a fuskar kwamfuta ba ita ce ke fitowa daga injin bugu na Kord ba, domin kwamfuta da haske kala uku take haɗawa, inji kuma da tawada huɗu. Shuɗin da ka gani yana ƙyalli sai ya fito kamar an wanke shi da toka. Aikin da ke son kala mai kyau har Shomolu ta Legas ake tura shi a raba kalolin a kan fim, a jira motar dare ta dawo da shi, kuma in an yi kuskuren harafi ɗaya to an yi asara. Ga matsalar haruffa masu lanƙwasa. Kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai dai a buga k a zo a ɗora mata ƙugiya da hannu, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffan Rabi'at a shekarun 1990, wanda ya yi ta yawo daga na'ura zuwa na'ura a shagunan buga littattafai. Duk wanda ya wuce ta wannan makaranta, da ka ga aikinsa za ka gane.

To ina kundin ayyukan afareta? Yana cikin kwamfutar maigidansa. Ranar da ya bar shagon, hannu rabbana zai fita. Ko bai bari ba, ƙwayar cuta na iya shiga na'ura, mai gyara ya zo ya share komai, aikin shekaru ya tafi a yini ɗaya. Masu dabara daga cikinmu su ne suka riƙa tsintar ragowar bugu a ƙasan inji, katin biki, kalanda, kwalin fim, suna tarawa a babbar ambulan. In sabon kwastoma ya ce “nuna min samfur”, sai a zazzage masa a kan tebur. Shi ya sa yau in ka nemi wanda ya tsara kwalin wani tsohon fim da kowa ya sani, sai ka sha wahala kafin ka samu mai faɗa maka.

Abu biyu suka fara dawo mana da suna. Siyasa ta dawo a 1999, wayar salula ta zo a 2001. Zaɓen 2003 da na 2007 sun cika bangon gari da fosta, injin fleks ya shigo ya kashe kasuwar masu buroshi kusan gaba ɗaya, mu kuma muka fara saƙala lambar waya da ƙananan haruffa a gefen fosta, inda mai aikin ba zai lura ba, ko in ya lura ba zai damu ba. Da wannan lamba mutane da yawa suka bar shagon Oga suka sayi kwamfutar cinya suka zama masu zaman kansu. Ba mu san muna maimaita abin da masu allo suka yi ba ne.

Facebook ya zo mana ta kafen intanet da ƙananan wayoyi, muka mai da shi bangon liƙa aiki. Ka gama katin biki ka ɗora, ka jingina sunan ango da abokansa, kafin dare mutum uku sun tambayi nawa kake yi. Daga baya muka ji labarin Behance, dandalin da masu zane na duniya ke baje kolinsu, wanda Adobe ya saya a 2012, da Dribbble da a lokacin sai wani ya gayyace ka kake iya ɗora aiki. Shiga can ya sanyaya wa da yawanmu jiki. Su ba fosta ɗaya suke nunawa ba. Mutum zai ɗauki tambarin kamfani guda ya nuna matsalar da aka kawo masa, da zanen fensir na farko, da dalilin zaɓen kala, da yadda tambarin ya zauna a kan kati da mota da kwalin kaya. Mu da muka saba a ce “ƙara ja” mu ƙara, ba mu taɓa bayyana dalilin komai ba. Wannan darasi ne mai amfani, kuma wanda ya koye shi ya daina zama afareta ko a wane shago yake.

Sai dai ya zo da wata cuta. Tunda ayyukanmu na gaske ba su yi kama da nasu ba, sai matasa suka koma ƙirƙiro kamfanonin da babu su, su zana musu tambari, su ɗora shi a kan hoton bangon gilashi da aka sauke kyauta daga intanet. Ka buɗe shafin yaro ka ga kamar ya yi wa bankuna goma aiki, alhali bai taɓa kai fayil maɗaba'a ba. Aikin gwaji ba laifi ba ne in an faɗa cewa gwaji ne. Abin da nake ƙi shi ne kundin da ruwan sama bai taɓa dukansa ba a gabatar da shi a matsayin shaidar ƙwarewa.

Neman dala kuma labari ne mai tsawo, amma ga taƙaitaccensa. Dandalin neman aiki na Fiverr ya fara a 2010 da aikin dala biyar, yana cire kashi 20 cikin ɗari na la'ada. Upwork ya samu wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk. A can kana gogayya da dubban masu zane daga Pakistan da Indiya da Bangladesh, kuma taurarin da kwastomomi suka ba ka sun fi zanenka magana. PayPal ya shigo Nijeriya a 2014 da damar biya kawai, ban da karɓa, sai aka koma Payoneer da 'yan uwa da ke waje. Adobe ya koma kuɗin wata-wata a 2013, sannan a 2022 bankuna da dama suka taƙaita abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata. Akwai waɗanda suka jure suka ci riba, na san su, amma ba su ne mafi yawa ba.

Mafi yawan masu zane a Arewa yau daga waya suke ci. Manhajar zane ta Canva ta fito daga Ostareliya a 2013, PixelLab ya shiga kowace wayar Android, yaro ɗan sakandare yana haɗa fostar maulidi ko ta walima yana zaune a dakali. Tsofaffin hannu suna ƙorafi cewa an zubar da farashi, kuma gaskiya ne an zubar. Amma wannan ƙofa ce ta shigo da mata cikin sana'ar. Zaman bizines santa har dare ba kowace mace gidansu ko mijinta zai bari ba, alhali yanzu tana ɗakinta take yi wa masu sayar da turaren wuta da atamfa da kek a Instagram tambari da sitika, kuma ta fi mu sanin abin da ke jan idon masu sayen. Fim ma ya koma YouTube, kwalin kaset ya zama ɗan hoton da bai kai akwatin ashana ba a fuskar waya, dole fuska biyu da kalma uku su yi aikin da fosta guda ke yi a da.

Ainihin inda ciniki ke faɗawa kuwa sitatus ɗin WhatsApp ne, wanda aka ƙaro a 2017, kuma bayan awa 24 yake gogewa. Mutum ya ga aikinka a wayar ƙawarsa, a ba shi lambarka, ya turo saƙon murya, ka nemi kafin alƙalami, ka tura samfur da sunanka a kwance a tsakiyarsa don kada a gudu da shi. Saboda haka in matashi ya turo min shafinsa ya ce, “Oga, a duba min,” ba yawan aikin nake kallo ba. Ina neman guda biyar ko shida da aka buga aka yi amfani da su, da hotonsu a inda suke, a jikin shago ko a kan robar zoɓo, da layi biyu da ke faɗin abin da mai kayan ya nema. Ina duba ko ƙ da ɗ sun fito daidai ko sun koma akwati. Ina tambaya ko yana da wani wurin ajiya ban da shafin, domin da aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗanda suka tara komai a can sun ji a jikinsu.

Akwai kuma aikin da yawancinmu ke cirewa da gangan. Fostar siyasa ita ta fi kawo kuɗi a shekarar zaɓe, amma in ka baje ta a shafinka, ɗan takarar ɗaya jam'iyyar ya ɗauka kai na wancan ne, mai kamfani kuma ya ga hayaniyar kala ya wuce. Don haka a zaɓen 2023 na ga masu zane da yawa sun yi wa ɓangarori biyu aiki a mako guda, suka karɓi kuɗinsu, ba su sa ko lambar waya a gefe ba.