Daga Ford zuwa Boeing: Tarihin Ba da Aikin Sassa Waje

Duk masana'antar da ke ƙera kaya bisa odar mai saye tana fama da tambaya ɗaya: wane sashe za a yi a gida, wane za a sayo, wane kuma za a ba ɗan kwangila da zane a hannu?

Henry Ford ya amsa ta da cewa a yi komai a gida. Masana'antarsa ta River Rouge da ke Dearborn a Amurka, wadda aka kammala a 1928, a lokacin tana karɓar tama da kwal ta fitar da mota. Yana da ma'adinai da dazuzzuka da jiragen ruwa nasa, har gonar roba ya buɗe a Brazil, wadda ba ta yi albarka ba. Tsarin ya dace da mai yin kaya iri ɗaya, domin shekaru da dama motarsa Model T baƙa kawai ake fitarwa.

Toyota ba ta da irin wannan jarin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ta jingina da ƙananan kamfanoni da ke kewaye da ita. Taiichi Ohno ya shigo da katin kanban, wanda ke bin akwatin kaya: akwati ya ƙare, kati ya koma wa mai kawowa, ya aiko da daidai abin da aka cinye. Abin da masu kwaikwayo suka riƙa mantawa shi ne injiniyoyin Toyota ba sa barin masana'antun masu kawo mata kaya. An ga amfanin hakan ranar 1 ga Fabrairun 1997, da gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke Kariya, inda ake yin kusan dukkan wani ƙaramin bawul na birkin motocin Toyota. Aisin ta raba zanen bawul ɗin ga kamfanoni barkatai, har da Brother mai kekunan ɗinki, kowa ya juya injinansa. Cikin kusan mako guda Toyota ta koma aiki.

Jirgin sama ya fi mota wuyar sha'ani, don kowane kamfanin sufuri da irin kujeru da kicin da na'urorin da yake so. Boeing ta daɗe tana sayen sassa a waje, amma ita ke yin zane dalla-dalla ta ce a bi. Da ta ƙaddamar da jirgin 787 a 2004, bayan kamfanin ANA na Japan ya yi odar guda 50, sai ta canza salo. Ta ba manyan 'yan kwangila zane da ƙira gaba ɗaya, su zuba kuɗinsu, su kuma kula da ƙananan 'yan kwangilar da ke ƙarƙashinsu. Mitsubishi ta ɗauki fukafukai a Nagoya, Alenia ta Italiya da Vought ta Amurka da Kawasaki suka raba gangar jiki, Spirit AeroSystems da ke Wichita ta ɗauki goshin jirgin. Aka gyara jiragen 747 guda huɗu don jigilar sassan zuwa masana'antar Boeing da ke Everett, inda aka yi burin haɗa jirgi cikin kwana uku.

An yi gargaɗi tun da wuri. A 2001 wani injiniyan Boeing, L. J. Hart-Smith, ya rubuta takarda yana nuna cewa wanda ya ba da aiki waje bai kuma tura mutanensa su sa ido ba, riba za ta tafi wa ɗan kwangila, asara ta dawo masa. Ba a saurare shi ba.

Ranar 8 ga Yulin 2007 aka fito da jirgin farko gaban dubban 'yan kallo, fenti na ƙyalli. Cikinsa kuwa fanko ne. Sassa sun iso babu wayoyin lantarki da bututun da ya kamata a ce an shimfiɗa, an kuma riƙe su da kusoshin wucin gadi saboda ƙarancin kusoshin gaskiya. Ma'aikatan Everett, waɗanda aka shirya don haɗawa kawai, suka koma ƙarasa aikin wasu, suna cire ƙusa ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa takardun da ke nuna abin da aka yi da wanda ya rage ba su cika ba. A ganina nan ne ainihin ciwon. Boeing ba ta san halin da ƙananan kamfanonin da ke can ƙasa suke ciki ba sai ranar da kaya ya ƙi zuwa. Telan da ya kai riga wajen mai surfani, shi mai riga zai riƙe ranar sallah, don haka dole ya riƙa leƙawa.

Jirgin bai tashi ba sai 15 ga Disamban 2009, ANA kuma ba ta karɓi na farko ba sai Satumban 2011, bayan jinkirin fiye da shekara uku. Kafin nan Boeing ta tura injiniyoyinta su tare a masana'antun 'yan kwangila, ta kuma saye masana'antar Vought da ke Charleston a 2009. Jim Albaugh, shugaban sashen jiragen fasinja a lokacin, ya amsa a 2011 cewa kuɗin da suka kashe wajen gyara ya fi abin da za su kashe da sun riƙe muhimman ayyuka a gida. Arha ba ta ado.

Ita kanta Spirit sashen Boeing ce kafin a sayar da ita a 2005. A Janairun 2024 marfin wata ƙofa ya ɓalle daga jirgin 737 na Alaska Airlines yana sama. Bincike ya nuna an buɗe marfin a masana'antar Boeing don gyara kusoshin gangar jikin da Spirit ta kawo, aka mayar da shi babu bol huɗu da ke riƙe shi. A Yulin 2024 Boeing ta amince ta sake sayen Spirit a kan dala biliyan 4.7.