Kanwar Gumel da Hanyoyin Kwale-kwale a Tsibiran Tafkin Chadi

Wannan makon ruwa za mu shiga, ko da yake mu 'yan tudu ne. Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, abin da muka sani shi ne rairayi da rijiya mai zurfi da amalanken shanu. Duk wanda ya ji mun ɗauko zancen kwale-kwale da tsibiri zai ce mun yi aron bakin wasu. To amma akwai zamanin da wani kaso na arzikin ƙasarmu sai ya hau kwale-kwale kafin ya iso mana.

A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a garin shi ne cinikin kanwa. Ya bayyana Gumel a matsayin babbar kasuwar da kanwar Borno da ta ƙasar Muniyo ke sauya hannu kafin ta wuce can ƙasar Nupe. Wata kanwar daga ƙasar Mangawa take zuwa a bayan jakai da takarkarai. Amma akwai wadda iyayenmu ke kira ungurnu, sunan da ta samo daga garin Ngurno na kusa da tafki. Ita wannan a gabashin Tafkin Chadi ake haƙo ta, a yankin Kanem, kuma kafin ta ga jaki sai ta ƙetare ruwa.

Masu ƙetarar da ita su ne mutanen tsibirai, waɗanda maƙwabtansu ke kira Buduma, su kuma suke kiran kansu Yedina. Wani jirginsu na gargajiya ba na katako ba ne. Wata doguwar ciyawar ruwa suke yankowa, irin wadda Misirawan dā suka yi takarda da ita, su ɗaure ta dami-dami da igiya har ta zama jirgi mai ɗagaggen goshi. Da doguwar sanda ake tuƙa shi, domin tafkin ba shi da zurfi, galibin wurare bai wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba. Jirgin ba ya daɗewa, in ciyawar ta sha ruwa ta yi nauyi sai a ɗaura wani. A kansa ake jera allunan kanwa a nufi gaɓar yamma, wajen Baga, inda fatake ke jira.

Ƙwarewar ba a ɗaurin jirgin kaɗai take ba, tana cikin sanin hanya. Gabashin tafkin cike yake da ɗaruruwan tsibirai, waɗanda asalinsu tuddan rairayi ne da ruwa ya mamaye ya bar kawunansu a waje. Tsakaninsu akwai lunguna, wasu na ɓullewa, wasu na ƙarewa cikin ciyawa. Ga kuma tsibiran ciyawa masu yawo, iska ta turo su su toshe mashigar da aka bi jiya. Ruwan kansa yana cika yana janyewa gwargwadon abin da kogin Shari ya kawo, domin shi ke ba tafkin kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shigarsa. Saboda haka hanyar bana ba lalle ta zama ta baɗi ba. Taswirar a ka take, uba ya koya wa ɗa. Wannan sanin ne ya sa sarakunan Borno da dawakansu ba su iya mallakar mutanen tsibiran ba, har mazauna gaɓa suka riƙa tsoron harinsu. Shanunsu ma, shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa.

A Turai da Amurka yau akwai masu ɗaukar ɗan siririn kwale-kwale na mutum ɗaya su zagaya gaɓar tsibiri don shaƙatawa, kuma kowace hanya an rubuta mata littafi: ga inda za ka kwana, ga inda igiyar ruwa ke da haɗari. Jirgin nan ma daga mafarautan Inuwit na ƙasashen ƙanƙara suka are shi. Matuƙan Chadi sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyoyin da suka fi waɗancan rikitarwa, don neman abinci, amma abin da aka rubuta a kansu kusan duk baƙi ne suka rubuta. Abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, sai da aka ɗauko masa jirgi gunduwa-gunduwa a bayan raƙuma tun daga Tarabulus, aka harhaɗa shi a bakin tafkin a 1851, ya yi makonni yana yawo cikin tsibiran Buduma. Bai koma gida ba, a can bakin tafkin ya rasu a 1852.

Labarin da ya fi ba mu mamaki shi ne na 1969. Wani ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya so ya nuna cewa jirgin ciyawa irin na Misirawan dā zai iya ƙetare Tekun Atalantika. Da ya nemi waɗanda har yanzu suka iya ɗaura irinsa, Tafkin Chadi ya zo. Ya ɗauki gwanaye daga can zuwa Masar, aka kawo ciyawa daga Tafkin Tana na Habasha, suka ɗaura jirgin da aka sa wa suna Ra a gindin dalar Giza. Ɗaya daga cikin mutanen Chadin, Abdullahi Jibrin, yana cikin mutum bakwai da suka tashi da shi daga Safi ta Maroko a watan Mayu. Sun yi kusan mako takwas a teku, sun ci dubban kilomita, sannan bayan jirgin ya lotsa, dole suka bar shi kafin su kai tsibirin Barbados. A 1970 aka ɗaura Ra na biyu da hannun mutanen Tafkin Titikaka na Kudancin Amurka, shi ya kai. Masu ba da labarin sukan tsaya a nan, kamar a ce gwanayen Chadi sun gaza. Mu dai ba haka muke gani ba. Jirginsu na gida goshi kawai yake da shi, bayansa a datse, Heyerdahl ne ya sa suka ƙara masa wutsiya irin ta zanen Misirawa, kuma daga wajen wutsiyar matsala ta fara.

In muka ja baya sosai, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe a yau, ya ci karo da katako. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994: kwale-kwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, shekarunsa kimanin 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A wancan zamanin tafkin ya ninka na yau sau da yawa, har tudun Bama tsohuwar gaɓarsa ce.

Janyewar da ta shafe mu ta kusa ce. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, na 1984 ya ƙara tsotse shi, har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na dā. Mu ma da hannunmu a ciki, ko da kaɗan ne. Kogin Haɗeja, wanda ke haɗuwa da na Jama'are ya zama Komadugu Yobe ya zuba a arewacin tafkin, an tare shi da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin da masunta ke bi.

Da ruwa ya ja, mutane suka bi shi. Masunta da manoma, da yawansu Hausawa, suka riƙa kafa ƙauyuka a kan sababbin tsibirai da busasshiyar ƙasa, ba tare da sun ga wata iyaka ba, har suka shiga yankin Darak. Daga baya Kamaru ta ce ƙasarta ce, Kotun Duniya ta ba ta gaskiya a watan Oktoba na 2002, a ƙarshen 2003 aka miƙa mata ƙauyuka fiye da 30. Mu da ke bakin iyaka a Maigatari, inda ranar Alhamis ba ka bambanta ɗan Nijar da ɗan Najeriya a kara, mun san yadda layin da aka ja a takarda ke faɗo wa mutum a tsakar gida. Sai kuma rikicin Boko Haram, da harin Baga na Janairun 2015, ya watsa masu sana'ar banda, tsibiran suka zama sunayen da ake ji a labaran yaƙi kawai.

Abin da ke damunmu ke nan a matsayinmu na masu riƙe alƙalami. Yaron da ya tashi yau, in an ce tsibiran Chadi, maɓoyar 'yan bindiga yake gani. Littattafanmu kuwa sun cika da Dubai da Landan da marubucin bai taɓa takawa ba, alhali ga ɗan fito da ya kwana uku yana neman mashiga cikin ciyawa da kayan mutane a jirginsa, ga matar da aka wayi gari aka ce mata ita 'yar wata ƙasa ce. Wanda zai rubuta su sai ya koyi kalmominsu: bambancin koma da taru, filafili da sandar tuƙi, abin da sarkin ruwa ke yi in an yi gardama a kan wurin su. Tsofaffin da suka yi ci-rani a Doron Baga suna nan a Haɗeja da Nguru da Gashuwa, wasu ma a unguwanninmu, kuma masu sayar da ungurnu a kasuwar Gumel za su faɗa muku ta hannun wa take iso musu yanzu.